Bel Ɗin da Ba a Hudawa: Ga Ƙanena Wilfred Didam

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, 2025, da hantsi, Ubangiji ya kira ƙanena, Sitaf Saje Wilfred Nathan Didam, a asibitin sojoji da ke Kaduna, bayan jinyar ciwon ƙoda. Shekararsa arba'in da shida. Ina ɗakin gwajin kiɗa a barikinmu na Legas, begila a hannuna, wayar ta shigo. Laftanar Aisha Humaira ce, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi, 'yar maƙwabcinmu na dā a Kafanchan. Ta gaishe ni, ta sake gaishe ni, tun daga nan jikina ya ba ni. Sannan ta ce, "Yaya Francis, sai haƙuri. Saje ya huta." Mun bizne shi ranar Asabar ta makon gaba, a bayan gidan kakanninmu kusa da Fadan Kaje.

Wilfred, masu iya magana sun yabe ka a coci, kuma ba su yi ƙari ba. Ni da na fi kowa saninka ban ce uffan ba ranar. Yanzu nake ɗaukar alƙalami, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: baƙin ciki na nan, amma kunya ta fi shi nauyi a ƙirjina. Tun daga ranar da ka rasu har washegarin jana'izarka, abu ɗaya ne ya hana ni sakat, shi ne ko za a ɗaura wa ɗanka Gershon bel ɗin gidanmu, ko za a bar shi ya zaɓi aikin sojan da ransa ke so. Ni ne babba a gidan yanzu. Ni ya kamata in tsaya masa.

Wanda ba ɗan gidanmu ba ne ba zai gane maganar bel ba sai an yi masa bayani. Kakanmu Didam ya je yaƙin Bama a zamanin Turawa, ya dawo da tari, da lambar girma guda, da wani bel na fata mai kan tagulla. Da babanmu Nathan zai shiga soja, ana dab da yaƙin basasa, Kaka ya tara dangi a gindin mangwaro ya ɗaura masa bel ɗin da hannunsa. Daga nan abin ya zama doka. Kowane zamani gidan Didam zai ba da ɗa namiji guda, ɗan fari, kuma ba kowane irin soja ba. Sai sojan ƙasa, cikin sojan ƙasan ma sai masu shiga daji da ƙafa da bindiga a kafaɗa. A wurin Baba, sojan ruwa masunci ne mai albashi, sojan sama kuwa direba ne da ya rasa hanya. Duk Kirsimeti akan fito da bel ɗin daga akwatin ƙarfe a shafa masa man kaɗe, mu yara muna kallo daga nesa. Yana da ƙa'ida guda da kowa ya haddace: ba a ƙara masa huda. Yadda Kaka ya bar shi, haka kugun magaji zai cika shi.

Ni ne ɗan fari. Ka san irin yaron da nake. Ƙarar fashewar tayar keke takan sa in yar da abin da ke hannuna. Abin da na iya a duniya busa ne, tun ina cikin 'yan Birged, ƙungiyar yara masu fareti ta cocinmu, kuma na ji labarin cewa sojan ruwa suna da ƙungiyar badujala da ke ɗaukar masu iya kiɗa. Nan zuciyata take, amma ban taɓa faɗa wa Baba ba.

Kai kuwa hannunka inji ya sani. A lokacin Baba ya yi ritaya yana gadi a reluwe, muna zaune a unguwar ma'aikata kusa da loko, inda ake gyaran jiragen ƙasa, katanga ɗaya da Oga Uzochukwu, tsohon makanikin jirgin ƙasa. Shi da Baba ɓangare biyu suka tsaya a yaƙin basasa, amma duk yamma suna kan benci ɗaya suna dara suna zagin juna. A wurin wannan dattijo ka koyi riƙe sifana kafin ka iya ɗaure takalmi. Kana aji uku na sakandare ka tayar da injin niƙan matan Zumuntar cocinmu da aka riga aka yi wa addu'ar bankwana. Idan jirgin sama ya wuce ta saman Kagoro, kowa ya ɗaga kai ya sauke, kai sai ka tsaya kana saurarensa har ya ɓace. Burinka ka shiga sojan sama ka zama mai gyaran jirage. Sakamakon jarrabawarka ya isa, Oga Uzo ma har ya fara yi maka kirari da injiniya.

A shekarar 1998 Baba ya tara dangi a gindin mangwaron nan. Ya kira ni tsakiya, na fito. Ya zagaya bel ɗin a kuguna, ya ja har hudar ƙarshe, ya sake shi, bel ya zame ya tsaya a kan cinyata. Ni siriri ne a lokacin, kamar karan dawa. Baba ya fara duban ƙusar da ke jikin ƙyaure, na ga alamar zai karya dokar ubansa don ya cika tasa. Sai na ji muryarka daga baya, kana dariya.

"Baba, ba a huda bel na Kaka fa. Kugun Yaya ba zai cika shi ba ko ya ci buhun acca. Ba ni in gwada."

Aka yi dariya, aka ba ka, ya zauna maka daram. Dangi suka ce ikon Allah, bel ya zaɓi mai shi. Ni kaɗai na ga fuskarka bayan da dariyar ta ƙare. Oga Uzo, da aka gayyata don zumunci, ya tashi ya kama hanyar tasha bai ci abinci ba. A wannan shekarar ka tafi horo Zariya, ni kuma na tafi kudu na sa farin kaki.

Shekarun nan duka ban taɓa jin ka tayar da maganar ba, ko da wasa, ko cikin fushi, kuma mun yi faɗa ba sau ɗaya ba, a kan gona da a kan maganin Mama. Da ka goranta mini sau ɗaya, da na samu sauƙi. Maimakon haka, duk inda muka shiga tare sai ka tura ni gaba kana cewa, "Ga Yayana, sojan ruwa ne, shi ke busa wa manyan ƙasa." Kana faɗa da alfahari na gaske, ni kuwa ina neman inda zan sa fuskata. Ni da na yi shekara ashirin da wani abu ina sojan ruwa, ruwan da ya fi jiƙa ni shi ne na sama a filin fareti. Kai an kai ka Saliyo, an kai ka Darfur, an kai ka dazukan Borno har na daina lissafi. Ni na yi tumbi. Yau da za a gwada mini bel ɗin nan, sai an yi da gaske zai ɗauru.

Akwai wata Lahadi da ka kira ni daga wani ƙauye a arewa maso gabas, layi yana yankewa. Ka ce yaranka sun yi kwanaki ba su ga fasto ba, ba su ga liman ba, in busa musu wani abu. Na jingina wayar a kan kujera na busa waƙar cocin nan da Mama take so. Da na gama ban ji komai ba, na zaci layi ya tafi. Can sai ka ce, "Yaya, sake. Har Musulmin cikinmu sun ce a sake." Na busa har katinka ya ƙare. Ranar kaɗai na taɓa jin cewa aikina ya yi maka wani amfani.

Abokan aikinka da suka zo jana'iza sun ba mu labarin da ba ka taɓa ba mu ba. Sun ce a bataliya ba wanda ke kiranka da sunanka, Saje Sifana ake ce maka. Janareto ya mutu, kai ne. Famfon rijiyar burtsatse ya tsaya a ƙauyen da kuka sauka, kai ne, har matan ƙauyen suna aiko maka da gasasshen kifi. Wani kofur ya ce akwai ranar da motarku ta mace a kan hanyar da ba a tsayawa, ka shiga ƙarƙashinta da igiyar takalmi da guntun roba, ka fito da mutum goma sha wani abu da ransu. Shi ne kuma ya gaya mini abin da na so a ce ban ji ba. Ya ce duk lokacin da jirgi mai saukar ungulu ya kawo muku kaya, sauran sukan ruga wajen abinci da wasiƙu, kai sai ka je ka tsaya kusa da masu duba injin, hannuwanka a baya, ba ka taɓa komai. Afiniki matarka ta ce an taɓa buɗe hanyar sauya sashe zuwa na masu gyaran motoci da injuna, kwamandanka da kansa ya ba ka shawara ka nema, ka ƙi, domin Baba yana da rai a lokacin. Kafin Baba ya rasu, shekarunka sun wuce.

Wataƙila shi ya sa ka mai da kanka abin da ka zama a Kafanchan. Duk hutun da ka zo, ƙofar gidanka ta koma ofishin ba da shawara. Samari da 'yan mata su zo da wayoyinsu, an buɗe shafin ɗaukar sojoji, Saje wanne zan cika? Ba ka taɓa amsa wannan tambaya kai tsaye ba. Sai ka ce yaro ya miƙo hannunsa, ka juya tafin, ka tambaye shi abin da hannun ya iya. Kana da magana guda da yaran garin nan suka haddace: "Kaki riga ne kawai. Zaɓi aiki da za ka yi a cikin rigan." Sannan ka zauna ka warware musu abin da ba wanda ya warware mana. Cewa sojan ƙasa ba bindiga kaɗai ba ce, akwai injiniyoyi masu gina gada, akwai 'yan sadarwa, akwai asibiti, akwai masu sufuri da masu koyarwa. Cewa wanda ya shiga da sana'a a hannu ba ɗaya yake da wanda ya shiga hannu rabbana ba, ranar shiga da ranar fita. Cewa mai takardar jami'a ya yi haƙuri ya nemi hafsa, kada gaggawa ta sa ya shiga kurtu ya zo yana cizon yatsa. Kuma ba ka taɓa raina sashenka ba. Wanda ka ga zuciyarsa a daji take, kakan gaya masa gaskiyar abin da ke can, har da wadda ba ta da daɗi, in ya ce ya ji ya gani, ka raka shi tasha da kanka.

Har yau ana ba da labarin yaron nan ɗan fasto da ya nace sai sojan ruwa, saboda farin kaki ya fi kyau a hoto. Ka ce to, ka goya shi a babur zuwa Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga dutse, ka ce ya shiga bakin tafkin ko zuwa gwiwa ne. Yaro ya rungume wani reshe yana kiran sunan Yesu. Ka zauna a kan dutse ka jira ya huce, sannan ka tambaye shi wa ke haɗa wayoyin lasifika a cocinsu. Ya ce shi ne. Yau yana sashen sadarwa na sojan ƙasa, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarka.

Aisha Humaira ma da bakinta ta gaya wa jama'a nata. Tana gama sakandare ta so ta shiga kurtu, mahaifinta Malam tela ya ce sai dai bayan ransa. Ka je shagonsa ka zauna, kana taya shi zare kabu, ba ka yi masa gardama ba. Ka ce yarinyar nan jinya take so, kaki na biyu ne. A bar ta ta yi makarantar jinya tukuna, in ta gama ta shiga da anini a kafaɗa. Uba ya samu abin da zai yarda da shi, 'ya ta samu hanyarta. Ita ce ta riƙe hannunka a ƙarshe, Wilfred, ba ni ba. Na zo duba ka a watan Fabrairu, ka kore ni, ka ce in koma kada a yi fareti babu begila.

Duk 'ya'yan mutane ka buɗe musu hanya. Saura naka. Gershon shekararsa goma sha tara, kuma kai ne ka dawo: hannun nan, shirun nan, tsayuwar nan idan jirgi ya wuce. Yana koyon gyaran janareto a bakin kasuwa tun kafin ya gama makaranta. Kwana kaɗan kafin jana'iza ya same ni a bayan gida ina goge takalmi, ya durƙusa.

"Baba Francis, sun ce za su ɗaura mini bel ran Lahadi. Ni sojan sama nake so, wajen gyaran jirgi. Dadi ya sani. Don Allah ka yi mini magana, kai ne za su ji."

Na dafa kansa na ce kada ya damu, zan yi. Kuma da gaske nake. Na tsara maganata tsaf, na maimaita ta a zuci kamar yadda muke maimaita sabuwar waƙa.

Ranar jana'iza na sa farin kakina, don haka doka ta ce. Ƙasar kabarinka ja ce, an yi yayyafin farko, ko'ina caɓi. Matan Zumunta suna ta matsawa gefe suna janye yara, kada a ɓata wa Oga mai farin kaki kaya. Abokanka suna tsaye a ɗaya gefen, fuskokinsu sun ƙone da rana, ɗaya yana dogara sanda. Hafsan da ya jagorance su ya ji cewa ni ɗan badujala ne, sai ya karɓi begila daga hannun yaronsa ya miƙo mini, wai girmamawa. Na busa maka busar bankwana da na busa wa mutanen da ban sani ba fiye da yadda zan iya tunawa. Leɓena bai yi rawa ba, ban kuskure ko ɗaya ba. Mutane suka yi ta kuka, daga baya suna zuwa suna yaba mini. Na koma ɗaki na cire kakin, babu ɗigon laka ko ɗaya a jikinsa, na zauna a bakin gado na kasa kallonsa.

Washegari bayan sujadar godiya dangi suka taru a gindin mangwaro. Baba Kazah, ƙanen babanmu, shi kaɗai ya rage a cikin iyaye, shi ya buɗe taro. Ba mugu ba ne, ka sani. Shi ma tsohon soja ne, kuma a ganinsa babbar daraja zai yi maka. Ya yi addu'a, ya kawo tarihin Kaka da na Baba da naka, ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya kira Gershon tsakiya. Yaron ya fito yana kallona. Sannan dattijon ya juyo gare ni.

"Francis, kai ne uba yanzu. Ƙanenka ya ɗauka maka wancan lokaci. Yau kai ne za ka ɗaura ma ɗanshi da hannunka. Tashi."

Bai faɗa da gori ba, ya faɗi abin da kowa ya sani ne kawai. Amma maganar da na tsara duk ta zube. Na dubi tsofaffin sojojin da ke zaune, masu tabo da masu ɗingishi, na ji yadda kalmomina za su faɗa a kunnensu: mai busa, wanda bel ya zame wa, wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba sai na fareti, shi ne zai ce a daina. Za su ce tsoron da ya hana shi, shi yake so ya shafa wa ɗan jarumi. Wilfred, na tashi tsaye. Na taka zuwa tsakiya na miƙa hannuwana biyu ina jiran a sa mini bel ɗin. Gershon ya sunkuyar da kai, bai sake kallona ba.

Aka aiki Afiniki ta ɗauko. Ka san ta, mace ce da ba a jin muryarta a taron maza. Ta shiga ɗaki ta daɗe, sannan ta fito tana rungume da wani akwatin katako, sabo, an goge shi da mai. Ta ajiye a gaban Baba Kazah ta durƙusa. Akwatin kayan aiki ne irin na makanikai. Mariƙinsa fata ce baƙa mai sheƙi, an naɗe ta biyu an kafe da ƙusoshi. Wata fatar ta zagaye shi ta riƙe murfin, a ƙarshenta kuma ga kan tagullar da duk wanda ke wurin ya sani tun yana yaro. An yanka bel ɗin Kaka gida biyu. An yi masa sababbin huda, a jere, tsaf, irin aikinka.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji ta. "Da Kirsimeti ne ya yi shi, lokacin da ƙafanshi ya fara kumbura. Ya ce in ɓoye, in an tambaya bel sai in kawo. Ya ce bel ɗin ya ci mutum uku, ya ƙoshi. Ya ce a bar yaro ya zaɓa da kanshi, ko sama, ko ruwa, ko ƙasa, ko ma ya zauna gida."

Ta ɗan dube ni, kamar tana shawarar ko ta ƙarasa. Ta ƙarasa.

"Ya ce kuma kar a matsa ma Yaya Francis. Ya ce ya san Yaya zai so ya yi magana, amma ba zai iya ba. Shi ya sa ya yanka da kanshi."

Hannuwana suna nan a miƙe. Ban san yadda zan sauke su ba.

Baba Kazah ya jawo akwatin, ya kwance kan tagullar, ya buɗe. Sifanun Oga Uzo ne a ciki, waɗanda ya bar maka da zai rasu, kowanne an goge shi an kwantar a gurbinsa. Dattijon ya daɗe yana shafa sababbin hudar nan da babban yatsa. Muna jiran tsawa. Sai ya ce, a hankali, "Yaron nan tun yana ƙarami ba ya jin magana." Hawaye suna bin gemunsa. Ya rufe murfin, ya ɗaure, ya ɗaga akwatin da ƙyar ya ɗora a kan hannuwana, ya ce in miƙa wa yaro tunda ni ne babba. Na miƙa. Abin da na yi ke nan a duk wannan al'amari, na miƙa abin da ka riga ka gama.

Ka san ni fiye da yadda na san kaina, ƙanena, kuma ba ka raina ni a kan abin da ka sani ba. Wannan ne ke ƙona ni. Kana fama da ƙafa a kumbure, kana jin abin da ke zuwa, ka zauna da wuƙa da ƙusa kana tunanin yadda za ka fid da ɗanka, kana kuma tunanin yadda za ka fid da yayanka daga kunya. Kai da ka hana a yi wa bel ɗin nan huda guda domina, kai ka yanka shi.

Gershon ya cika takardar sojan sama, sashen gyaran jirage. Ko za a ɗauke shi bana ko sai baɗi, Allah ne ya sani, masu nema suna da yawa. Na nemi gafararsa, ya ce ba komai, irin ba komai ɗinka. Na ɗauki hutu, ni zan raka shi wurin tantancewa, in tsaya a bakin ƙofa a rana tare da sauran iyaye.

A madadin gidan Didam ina miƙa ta'aziyya ga Afiniki, wadda ta riƙe amanarka ta kuma faɗe ta a inda maza suka yi shiru. Ubangiji ya zama mijin gwauruwa, ya share mata hawaye. Ga Gershon da ƙanwarsa Doreen, Allah ya zama uba gare ku, ya sa albarka a hannuwanku. Ga Baba Kazah, Allah ya ƙara masa kwana da lafiya, ya sāka masa da alherin haƙurin da ya yi. Ga abokan aikinka da ke daji har yanzu, Allah ya mai da kowa gidansa da ƙafafunsa. Ga Laftanar Aisha Humaira da dukan yaran Kafanchan da ka juya tafin hannunsu, ku ma an yi muku rashi, Allah ya ba ku dangana.

Kai kuma, Wilfred, Ubangiji da ka bauta wa ya ji ƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka cikin hutunsa har ranar tashin matattu, cikin sunan Yesu Almasihu. Ya gafarta mini ni ma. Sau biyu ka karɓi kayana ka ɗora a kanka, na farko kana dariya, na biyu kana kabari. Sauke haka nan, ƙanena. Abin da ya rage na yaran nan, ni zan ɗauka.

Yayanka,
Francis Nathan Didam